Yaya, Bargon Dokin Nan Ba Na Hunturunmu Ba Ne

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Hajiya da yara. Na ga hoton bargon da kake so in sayo wa dokinka akawal kafin sanyi ya kankama. Ban saya ba tukuna, kuma kada ka ce rowa ce. Ka ji yadda muke ciki a bargar dawakin polo da nake aiki kusa da garin Cirencester a Ingila, sai ka yanke da kanka.

Wasan polo a Ingila na lokacin ɗumi ne, Satumba na ƙarewa ake rufe filaye. Yawancin dawakinmu an cire musu takalman ƙarfe an sake su a makiyaya, za su huta har a fara shirin baɗi. Kaɗan ne suka rage a ɗaki ana hawansu. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, shi ya sa yanzu kun riga mu da awa guda. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, wajen huɗu kuma magariba ta yi. Azahar da la'asar da magariba kamar masu gudun tsere. Da fitila a goshi nake ba da abincin safe, da ita nake ba da na yamma.

Abin da ya fi damun doki a nan jiƙa ce. Sanyinmu busasshe ne, ƙura da jaura, kuma da wuya daren Katsina ya sauka ƙasa da digiri 10. Nan kuwa sai a kwana uku ana yayyafi da iska, a wayi gari komai ya daskare. Bargon da ka gani don wannan aka yi shi. Samansa ba ya shan ruwa, cikinsa an cusa wani abu kamar auduga, ana sayar da shi bisa nauyin cikin: giram 100, 200, 300 har sama. Na waje daban, na ɗaki daban, akwai mai rufe wuya har kunne. Mai ɗan dama-dama ya haura fam 100, na manyan kamfanoni irin Horseware na Ayalan akwai na sama da 300. Goɗiya ɗaya a nan tana da barguna huɗu, ni da nake kula da ita rigar sanyi biyu gare ni. Har masu sana'ar wankinsu akwai. Su zo da mota su kwashe, su wanke, su ɗinke yagewa, su sake shafa maganin hana ruwa shiga, su dawo da kowanne a leda da sunan dokinsa.

Abin dariyar shi ne, da rana ta fara gajarta doki yake fid da gashi mai kauri, Allah Ya riga Ya yi masa nasa bargon. Amma wanda ake hawa, in ya yi gumi cikin wannan gashi ba ya bushewa da wuri, sai a sa inji a aske shi, sannan a sayo bargo a rufa masa. An aske na kyauta, an sayo na kuɗi. Wanda ba a aske ba, muddin yana da ciyawa da wurin fakewa, bai damu da sanyin da ni yake sa ni karkarwa ba.

Wannan da kunya na koye shi. Sanyina na farko, wani dare hannuna ya ƙage, na dubi wata goɗiya na ji tausayinta, na ɗauko mai giram 300 na ɗora mata a kan wanda take da shi. Da asuba na tarar ta jiƙe sharkaf da gumi, tana goga kafaɗa a bango. Matar da ke shugabantar bargar ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna ta cusa ƙarƙashin bargon, bayan kafaɗar goɗiyar, ta ce nan ake tambayar doki ko yana jin sanyi, in daina tambayar yatsuna. In wurin da ɗumi kuma a bushe, a bar shi. To Yaya, in ka ɗora wa akawal irin wannan a Katsina, kafin hantsi ya dahu. Buhun algararar da Baba yake ɗinkewa ya rufa wa kilinsa da daddare ya fi dacewa da mu nesa ba kusa ba.

Ta kuma koya mini cewa ciyawa ce murhun doki, don narkewarta a hanji ita ke ɗumama shi daga ciki. In dare zai yi tsanani ciyawa muke ƙarawa, ba hatsi ba. Doki mai kilo 500 yana cin kusan kilo 10 a rana. Ingiricinsu a Yuni da Yuli ake yanka shi, inji ya ɗaure shi dami-dami masu kusurwa huɗu, ƙarami kamar kilo 20, manyan kuwa sai tarakta. Akwai wanda ake naɗewa a leda da ɗan danshinsa ya ɗan yi tsami, ba shi da ƙura, ya fi wa mai tari. Tun kafin kaka ake cika rumbu, kamar yadda muke ɗora harawa a kan rumfa, don wanda ya jira Janairu zai saya da tsada. Sau ɗaya aka kawo mana wanda ya yi fumfuna a tsakiya. Waya ɗaya aka buga, washegari mai shi ya zo ya kwashe ya kawo wani, ba rantsuwa ba kiran shaidu. Wannan kam sun fi mu. Amma ta fuskar ƙarfi, harawar wake da ta gyaɗa sun fi ciyawarsu ta yau da kullum gina jiki. In suna son irin tamu sai su sayi alfalfa a buhu. Kanwa ma babu. Dunƙulen gishiri suke ratayewa doki ya lasa, wani ja-ja har daga Pakistan ake kawo shi.

Ruwa shi ne tashin hankalin asuba. An naɗe famfuna da soso tun Oktoba, duk da haka sukan daskare, sai in ɗauki guduma in fasa ƙanƙarar kwamin makiyaya, in tsame ɓaraguzan da hannu. Doki in ruwa ya yi sanyi sosai yakan rage sha, ga busasshiyar ciyawa, sai ciki ya ɗaure, shi ya sa muke surka musu da na zafi. Sai taɓo. Bakin ƙofar makiyaya yakan zama kamar kwatami, ƙafa ta yini a jiƙe har ɓawon ƙuraje ya fito bayan kofato. An zuba tsakuwa, an gyara indararo, an kuma kewaye itatuwan oak da sycamore, don 'ya'yansu da ke zuba da kaka guba ne ga doki. Takin da manoma ke roƙonka a gida, nan biya ake a zo a kwashe.

Duk abin da Baba yake yi shi kaɗai da wuƙarsa da idonsa, nan an raba wa mutum huɗu, kowa da takardar kuɗinsa. Mai sa takalmi yana zuwa duk mako shida da maƙerarsa a bayan mota, kuma wata doka ta 1975 ta hana wanda ba shi da rajista ya buga wa doki takalmi. Likita daban. Kafin a ba da maganin tsutsa sai an aika kashin doki an ƙirga ƙwan da ke ciki. Kowane doki da fasfonsa, kuma tun Oktoban 2020 dole a dasa masa ɗan ƙwayar lamba a wuya. Wanda ya fi burge ni mai gyaran haƙori ne. Ya buɗe bakin doki da ƙarfe, ya haska, ya goge tsinin da ke yanka kumatu. Wani tsoho da yake ta zubar da abinci daga baki yana ramewa, cikin 'yan makonni ya fara murmurewa. Na tuna hurden Kawu da muka yi ta ɗura wa jiƙo, ba wanda ya leƙa bakinsa.

Don haka ga abin da zan ba mai zuwa gida ya kawo maka: ragar ciyawa biyu masu ƙananan idanu, don harawa ta daina zubewa ana tattakawa, da magogin kofato, da tef ɗin auna ƙirji da ke nuna nauyin doki, sai mayafi mara nauyi na kare ƙura. Duka ba su kai kuɗin rabin bargon ba. Kai kuma ka nemi likitan dabbobi ya duba haƙoran akawal kafin hawan Sallah. In mai zuwan zai dawo, a ba shi kanwa kaɗan da yaji ya taho mini da su. Yajin nawa ne.