Kafin ki shiga Kwari sayen atamfar lefe

Na daɗe ina ɗinkin mata a cikin birnin Kano, kuma da zarar lokacin bukukuwa ya kama, tambayar da ake kawo mini ba ta wuce ɗaya: wace atamfa za a zuba a akwati? Wata ta zo da kuɗi a hannu tana tsoron a cuce ta, wata kuma an riga an cuce ta, ta kawo mini turmin da aka sayar mata da sunan Super, na ɗora almakashi na ji yana santsi kamar leda. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da hannuna ya koya, ko wata ta amfana.

Mu fara daga sama. Holan da Super na kamfanin Vlisco ne, wanda yake garin Helmond a ƙasar Holan tun 1846. Zallar auduga ce, rininta ya ratsa gaba da baya, kuma idan aka iya wanke ta, uwa takan ɗaura ta bar wa 'yarta. Tsadarta kuwa ba wasa ba ce, kuɗin turmi ɗaya sai ya sayi na Chaina masu yawa. Idan da hali, guda ɗaya ko biyu sun isa fita kunya a lefe. Ban taɓa ba wa kowa shawarar cin bashi saboda Super ba, kuma ba zan fara ba.

Ƙasa da ita akwai 'yan tsakiya: Kodebuwa ta kamfanin Uniwax da ke Abijan, da GTP ta Gana, duka biyun sun daɗe suna gida ɗaya da Vlisco. Sai Ingilish, wato ABC, wadda iyayenmu suka sani daga Manchesta, amma tuni aka kwashe aikinta daga Ingila aka mayar Akosombo a Gana. Kin ga ita ma masaƙar Turawan an ɗauke ta zuwa inda aiki ya fi sauƙin kuɗi. A ganina a kan 'yan tsakiyar nan ne kuɗin mai matsakaicin ƙarfi ya fi yin aiki, in dai an samu ta gaskiya.

Yanzu ga inda maganar take, wato 'yar Chaina, domin ita ce ta cika Kantin Kwari daga bakin titi har cikin lungu. Mutane suna cewa "ai 'yar Chaina ce" kamar abu ɗaya ne, alhali hawa-hawa ce. Akwai mai kyau, auduga sosai, irin su Hitarget ta asali, wadda na ɗinka wa mata suka yi shekaru suna sawa. Akwai gauraye, rabi auduga rabi roba. Akwai kuma roba zalla, wadda aka cika da sitati don ta yi kauri a hannu, wanki ɗaya ta saki jiki ta zama kamar labule. Duk daga ƙasa ɗaya suke fitowa, wani lokaci ma daga gari ɗaya.

Wani ɗan kasuwa da nake saye a wurinsa, dattijo ne mai tsoron Allah, ya taɓa warware mini wannan. Na ce masa, "Alhaji, me ya sa kayan nan suke ƙara lalacewa?" Ya ce, "Hajiya, ɗan Chaina abin da ka biya shi yake saƙa maka. Mu ne muke ɗaukar zane mu kai Guangzhou mu ce ga kuɗin da muke so yadi ya tsaya. In ka matse kuɗin, sai ya rage auduga, ya rage rini, ya rage faɗi." Tun ranar na daina zagin masaƙar da ban taɓa gani ba. Wanda ya ba da oda ya san abin da ya sayo, don haka shi ya kamata a tsare da tambaya.

Wannan magana tana yi mini ciwo ta wani wajen. Mahaifina ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai. Ina tuna shi yana dawowa da yamma, audugar ta manne masa a gashin kai da gira, wani lokaci da guntayen yadi da ake ba ma'aikata, a kansu na fara koyon zare allura. Ranar da aka rufe wurin ya dawo tun kafin azahar, ya jingine kekensa ya zauna a zaure bai ce da kowa komai ba. Ba shi kaɗai ba ne. Sharaɗa da Challawa da Bompai duk sun ga haka. A Kaduna, inda aka buɗe Kaduna Textiles tun 1957 zamanin Sardauna, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai sun ci su daga ciki, fasa-ƙwauri ta iyakokin Nijar da Benin ya ci su daga waje. Ga Chaina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, a farkon 2005 kuma aka janye ƙa'idar da ke iyakance yawan tufafin da ƙasashe ke fitarwa. Aikin da Baba yake yi bai mutu ba, ƙaura ya yi, mu kuma muna biye da shi da kuɗinmu. Ko da Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a 2019, kayan ba su daina shigowa ba, kuma a 2023 aka janye hanin.

Saboda haka idan kin ci karo da 'yar Najeriya ta gaskiya, irin su Nichem, ki duba ta da idon rahama. Zanenta ba ya kai na waje ƙyalli, wannan gaskiya ne, amma auduga ce mai shan gumi, kuma a zafin Kano na watan Maris da Afrilu jiki ne zai gaya miki bambanci. Sai dai ki kula, har sunayen namu ana bugawa a waje a manna.

To yaya za ki gane? Kada ki tsaya a kan takardar da aka liƙa, ita ce abu mafi sauƙin kwaikwayo. Ki buɗe turmin ki juya bayansa: atamfa mai kyau gaba da baya kusan ɗaya ne, mai araha bayanta fari-fari. Ki duba bakin zanin, a ta asali rubutun suna da lambar zane suna fita tsaf, a jabu sukan yi dishi-dishi ko harafi ya karkace. Ki tafi da farin hankici, ki jiƙa gefensa ki goga a lungun zanin; in ya ɗauko launi sosai, za ta zuba ta ɓata miki sauran kaya. Ki damƙe gefe a tafin hannu ki saki, auduga takan yamutse ta tsaya, roba takan miƙe nan take. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta, amma a gida ake yinsa, ba cikin kasuwa ba, kowa ya san abin da gobara ta sha yi wa kasuwanninmu. Ki zare zare biyu ki kusanta da ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi baƙin ƙullutu mai warin leda. Sannan ki sa a auna miki a gabanki. Na sha karɓar turmin da aka ce yadi shida ne, na shimfiɗa na tarar ɗankwali ba zai fita ba.

An ce araha ba ta ado, amma ni ban raina mai araha ba in an san don me aka saye ta. Zanin zaman gida, ko ankon da za a sa yini ɗaya a ajiye, babu laifi a ɗauki 'yar Chaina matsakaiciya, ba kuma daidai ba ne a ɗora wa ƙawayen amarya ankon da zai hana su barci. Abin da ba na yafewa shi ne a sayar da ita da sunan wata. Ki tambayi mai shago kai tsaye, "Alhaji, don Allah orijina ce ko kwafi?" Da yawansu in aka haɗa su da Allah suna faɗa. In ya fara kame-kame, ko ya zabge kuɗin Super zuwa rabi tun ba ki taya ba, ki yi masa sallama ki ƙara gaba.

Idan lefe ne na turmi goma sha biyu misali, ni yadda nake tsara wa 'yan'uwana shi ne ɗaya babba ta fitar biki, uku ko huɗu 'yan tsakiya, sauran a raba tsakanin 'yar gida da 'yar Chaina mai auduga. Ki fara sayen turmi ɗaya daga kowane iri, ki yanki ɗan ƙyalle ki wanke da sabulu a ruwan sanyi, ki shanya a inuwa. In ya bushe bai koɗe ba, gobe ki koma shagon ki ɗauki sauran.