Ƙaron hano da lubban: abin da na gani a wani shagon turare a Kasuwar Wunti

Wata huɗu ke nan ina sayen ƙaron turare a wani ɗan shago da ke cikin Kasuwar Wunti a nan Bauchi, kuma ina ganin na daɗe da kayansa isasshen lokacin da zan iya faɗin ra'ayina a kansu ba tare da na zalunci kowa ba. Abin da ya kai ni shagon shi ne mahaifiyata, wadda hayaƙin turaren wutan da ake haɗawa da sukari da man turare yake tayar mata da tari, ta ce ita a nemo mata ƙaron hano tsantsa irin wanda suke zubawa a kasko tun tana yarinya a wajen Dass. Ni kuwa malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, saboda haka idan na sayi abu irin wannan ba na iya barinsa ban bincike shi ba.

Shagon bai fi a ce mutum uku su tsaya a cikinsa ba. Mai shi dattijo ne mai haƙuri da tambaya, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai cakuɗa kayansa ba. Lubban ɗin da ya ce daga Oman ake kawo masa yana cikin kwalba mai murfi, ƙwayoyinsa farare masu ɗan kore-kore, kamar an barbaɗa musu gari. Wanda ya ce na Sudan ne ya fi shi ja da ƙanana. Hanon gida kuma, wanda masu shiga daji suke kawo masa, dunƙule-dunƙule ne masu ruwan zuma, wasu da ɓawon itace manne a jikinsu. Da na tambaye shi wanne ya fi, bai yi saurin tura ni ga mai tsada ba, sai ya fasa ƙwaya ɗaya da farcensa, ya miƙo mini ya ce, "Malam, shinshina cikin, kada ka shinshina bayan." Ƙamshin da ya fito daga wurin da ya fasa ya ninka na bayan ƙwayar nesa ba kusa ba, mai kaifi, mai kama da ɓawon lemun tsami da aka murza.

A gida na yi gwaji mai sauƙi wanda kowa zai iya yi. Na jiƙa ƙwaya biyu daga kowane iri a ruwa na bar su suka kwana. Ƙaron dakwara, wanda marasa tsoron Allah suke cusawa cikin lubban don ya yi auki, narkewa yake yi ƙarƙaf, domin shi dangin sukari ne, kuma a kan garwashi ƙauri kawai yake yi. Lubban na gaskiya ruwan yake mayarwa fari kamar an ɗiga madara, sauran ya zauna a ƙasa yana danƙo. Duk nau'i ukun da na saya haka suka yi, babu wanda ya ba ni kunya.

Dalilin da ya sa nake ganin dattijon ya san sana'arsa yana cikin yadda itacen yake ƙera wannan ƙamshi. Hano da itatuwan lubban 'yan gida ɗaya ne, masana suna kiran zuriyar Boswellia. Na Oman da Yaman da Somaliya shi ne Boswellia sacra, na Habasha da Sudan galibi Boswellia papyrifera, namu kuma Boswellia dalzielii, wanda aka raɗa wa sunan John Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya wallafa su a 1916. A cikin ɓawon waɗannan itatuwa akwai siraran hanyoyi da ƙaron yake taruwa, kuma ƙwayoyin halittar da ke kewaye da hanyoyin ne suke sarrafa sinadaran da ake kira tafinoyid. Duk yawansu, tubali ɗaya ake gina su da shi, wato wani guntu mai ƙwayar kabon 5. Idan aka haɗa biyu an sami mai 10, huɗu mai 20, shida mai 30. Otto Wallach na Jamus ya sami kyautar Nobel a 1910 saboda aikin da ya yi a kan irin waɗannan sinadarai, Leopold Ruzicka kuma ya samu a 1939, shi ne ma ya ƙarfafa wannan ƙa'ida ta tubali mai kabon 5.

Masu aikin ginin su ne inzayim, wato furotin da ke kama sinadari su juya shi ya zama wani. Abin da ya fi ba ni sha'awa game da su, kuma nakan daɗe a kansa idan ina koyarwa, shi ne sarƙa guda mai kabon 10 ce take shiga hannun duk masu ƙera sinadarai masu kabon 10, amma kowanne yana da ɗan rami mai siffa tasa da yake lanƙwasa sarƙar a ciki. Wannan ya lanƙwasa ta ta fito alfa-finin, mai ƙamshin itacen fir, wancan ya lanƙwasa ta ta fito limonin, mai ƙamshin lemo, tamkar maƙera biyu da aka ba ƙarfe iri ɗaya, ɗaya ya fitar da lauje ɗaya ya fitar da fartanya. Sarƙa mai kabon 30 kuwa wani inzayim ne dabam yake naɗe ta ta zama zobe biyar a jere, sannan wasu da ake kira P450 su liƙa mata iskar oksijin a wurare na musamman, a sami asid ɗin boswelik, wanda masu bincike suka daɗe suna nazarinsa game da kumburi, musamman asid ɗin da ake samu daga itacen Indiya, Boswellia serrata. Itacen ba don mu yake wannan wahala ba. Idan aka ji masa rauni, ƙaron yana kwarara ya toshe wurin, ƙananan sinadaran su kori ƙwari da ƙwayoyin cuta, su bi iska, manyan su daskare su zama murfi.

To, a nan ne na ga aibin shagon, kuma aibi ne da ya dame ni ƙwarai domin a kan kayan gida ya faɗa. Ƙananan sinadaran nan masu kabon 10 su ne rabin daɗin turaren, kuma ba sa zama, zafi kaɗan yake kore su. Lubban na waje yana cikin kwalba a inuwa, amma hano a buɗaɗɗen kwano yake a bakin ƙofa, rana tana dukansa tun hantsi har la'asar, ga ƙurar kasuwa. Sayena na farko, wanda na yi sa'a sabon kawowa ne, da na ɗora ƙwaya ɗaya a gefen garwashin da ya fara yin toka, sai ta yi taushi, ta fara tsatsafo da ƙananan kumfa, farin hayaƙi siriri ya miƙe, ɗakin ya cika da ƙamshi mai sanyi, har mahaifiyata ta ce wannan shi ne wanda ta sani. Sayena na biyu, a tsakiyar zafin Afrilu, daga kwanon nan ya fito bayan ya yi makonni a rana, kuma sai da na zuba ninki biyu kafin na ji rabin abin da na ji a baya. Na koma na ce masa, "Baba, abin da kake wa na Oman shi ya kamata ka yi wa namu." Ya saurare ni da kyau, ya ce mutane ba sa biyan kuɗin hano yadda zai saya masa kwalabe. Gaskiya ya faɗa, domin kuɗin da na biya na ɗan ƙullin lubban na Oman zai saya mini hano kusan sau biyar, alhali a hancina sabon hano bai gaza shi da komai ba.

Na yaba masa da bai ce ƙaronsa yana maganin kowace cuta ba, kuma shi da kansa ya gargaɗe ni cewa a buɗe taga idan ana turarawa kusa da tsoho ko jariri. Ma'auninsa cikakke ne, ba ya ƙin a fasa ƙwaya a duba kafin a biya. Sai dai da na tambaye shi yadda masu kawo masa suke tsaga itacen, amsarsa ita ce bai taɓa tambaya ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai. A Habasha an gano cewa itatuwan da ake yawan tsagawa suna ba da iri mai rauni da ba ya tsirowa sosai, domin abincin da ya kamata ya tafi ga fure da 'ya'ya yana ƙarewa wajen ƙera ƙaro. Duk wanda ya bi hanyar Dass ya dubi gindin duwatsu zai ga hanon da masu neman magani suka saɓule wa ɓawo har ya bushe a tsaye.

Wanda zai je, shawarata ita ce ya nemi manyan dunƙule maimakon gari, ya sa a fasa masa ɗaya ya shinshina cikin, ya tambayi yaushe aka kawo, in ya isa gida kuma ya juye a kwalba ya ajiye nesa da rana. A zuwana na makon jiya na kai wa dattijon manyan kwalabe biyu da na wanke na shanya, ya karɓa ya yi godiya, ya juye hanon a gabana ya ɗora su a kan kanta kusa da na Oman.