Malamin Ikonomiks, me za ka saya in za ka koyar da asarar ambaliya da gobara?

In makaranta ta ba ka ɗan kuɗi ta ce ka koya wa 'yan SS yadda bala'i ke cinye tattalin arziki, kar ka yi saurin rugawa shagon littattafai, tsaya ka auna tukuna.

Littafin Ikonomiks dai dole ne saboda WAEC da NECO, amma gaskiya ba zai yi maka wannan aikin ba, hauhawar farashi da ƙarancin kaya zai bayyana a dunƙule, kai ne za ka haɗa su da ambaliya. Kwafin da kake da shi ya isa.

Akwai wasan Stop Disasters na Majalisar Ɗinkin Duniya, kyauta ne a intanet, ana ba yaro kasafin kuɗi ya kare gari kafin ruwa ko girgizar ƙasa ta afko, yana da kyau wallahi don yaro zai ga kuɗi ba ya isar komai sai ya zaɓa. Sai dai yana cin kwamfuta da data da wuta, in janaretanku sai ranar jarabawa ake tayarwa to ka haƙura da shi.

Ni fotokwafi zan zuba wa kuɗin. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina duk shekara, hukumar sa ido kan ruwan koguna, NIHSA, ma na fitar da na ambaliya, sauke su ba ko sisi. Ka haɗa da alƙaluman ambaliyar da aka yi a Najeriya a 2012, mutum 363 suka rasu, asara ta kai kusan naira tiriliyan 2.6, sai ka kawo fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 da ta shanye Maiduguri. Ka sa yara su kasa asarar kashi biyu, wadda ido ke gani kamar katangar da ta faɗi da buhunan shinkafa da suka jiƙe, da wadda ke biyo baya, ɗan dako ya yi sati ba aiki, kuɗin mota ya tashi saboda gada ta karye, mai shago na bin bashi ba mai biya. Daga nan su kwatanta kuɗin yashe kwatar unguwarsu da na sake gina ɗaki ɗaya.

Canjin da ya rage ka biya wa wani ɗan kasuwa ko manomi da abin ya shafa kuɗin mota ya zo aji, yara su tambaye shi da me ya farfaɗo, adashi ko 'yan'uwa ko inshorar Musulunci ta takaful. Amma don Allah ka fara bincika ko a ajin akwai wanda ya rasa wani nasa a ruwan, ka yi magana da shi a gefe kafin ranar.