Rumfar mai caji a Gujungu da burauzar da ta ƙi buɗe shafi

Duk wanda wayarsa ta daina buɗe shafukan intanet alhali WhatsApp na aiki lafiya lau, kuma mai gyara ya ce masa sai an yi mata flashin, to ya riƙe kuɗinsa tukuna. Abin da ya sa na ce haka shi ne aikin da wani matashi ya yi mini a wata rumfar cajin waya a kasuwar Gujungu, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Ba zan kama sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba, amma aikin nasa ya isa a yi magana a kai, har da wuraren da bai gamsar da ni ba.

Ni malami ne a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye, kuma wayata ita ce ofishina. Da ita nake duba wa yara sakamakon NECO da WAEC, da ita nake leƙa shafin JAMB idan lokacin rajista ya zo, iyaye ma su kan biyo ni har gida da lambar jarrabawa a rubuce a bayan takardar magani. Sai kawai burauzar ta tsaya cak. Saƙo na shiga, kira na tafiya, sandunan sabis a cike, alamar 4G tana nan a sama, amma ko wane shafi na taɓa sai ya yi ta juyi, can ya fito da wani rubutun Turanci a kan farin allo. Na kashe na kunna, na cire layi na mayar, ko gezau.

Mai gyaran da na fara kai wa, a wani gari kusa da mu, ko burauzar bai buɗe ba. Ya juya wayar a hannu, ya ce bairos ne, flashin N3,000. Kuɗin ba su ne damuwata ba. Flashin na nufin a share komai a mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, ni kuwa a ciki akwai hotunan sakamakon ɗalibai, da jerin sunayen 'yan aji, da karatuttukan da na daɗe ina tarawa. Na ce masa zan yi shawara. A ganina yawancin masu gyaranmu na karkara sun mayar da flashin maganin kowace cuta ne saboda ba ya buƙatar tunani, kuma ya fi kawo kuɗi.

Rumfar ta Gujungu ba ta da wani kwarjini. Katako ne aka jera wa soket, wayoyi sun fi a ƙirga kowace da 'yar takarda mai lamba a manne, ƙaramin janareto na ta ƙara a baya, ga ƙurar motocin da ke lodin buhuna. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Malam, buɗe ta da hannunka, ba sai ka gaya mini lambar sirrinka ba." Tun daga nan na fara sakin jiki da shi.

Abin da ya fara yi ya ba ni dariya, don na ɗauka raini ne: ya danna *323# ya duba sauran data. Wannan ita ce lambar da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daidaita wa dukkan layukan Najeriya a 2023 don duba data, kamar yadda *310# ta zama ta duba kuɗi, *312# kuma ta sayen data. Ya ce da yawan masu kawo masa irin wannan ƙorafi datar soshiyal ce a layinsu, wadda ke buɗe WhatsApp ko Facebook kaɗai, kuma tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 mutane suka fi raja'a a kanta saboda araha. Mai irin wannan data zai ga saƙo na shiga, ya rantse yana da data, alhali burauza ba ta da rabo a ciki. Tawa dai cikakkiya ce, sai ya wuce.

Ya duba kwanan wata da agogon wayar. Wannan ma daidai suke. Na tambaye shi me ya haɗa agogo da intanet, ya ce duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuma da agogon wayarka take auna ta. Idan batir ya mutu murus wayar ta koma wata shekara ta baya, sai ta ga takardar kowane shafi ba ta yi daidai ba, ta ƙi buɗewa.

Daga nan ne ya yi abin da ya burge ni. Ya kashe datata, ya kunna hotspot a tasa wayar, wato ya raba datarsa ta Wi-Fi, ya haɗa tawa da ita, ya buɗe shafin BBC Hausa. Nan take ya buɗe, har da hotuna. Ya katse, ya mayar da ni kan layina, shafin ya sake ƙi. Ya ɗago ya ce, "Ka gani ko, Malam? Burauzarka lafiyarta ƙalau, wayar ma haka. Tsakanin wayar da layin ne matsalar take." Gwajin bai ci minti biyu ba, amma ya kawar da zancen bairos, ya kawar da zancen flashin, ya kuma nuna inda za a tona. Sannan ya sa yatsa a kan ƙaramin rubutun da ke ƙasan farin allon, wanda ni kullum nake tsallakewa: ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. Ya ce wayar da kanta tana faɗin ciwonta, mutane ne ba sa karantawa.

Ya shiga saitin layi, wurin da aka rubuta Access Point Names, inda waya ke ajiye bayanan da take bi ta hau intanet ɗin kamfanin layi. Maimakon guda ɗaya na asali, sai ga wani na biyu da aka ƙirƙira da hannu, kuma shi aka zaɓa. A cikinsa, gurbin Proxy ɗauke da wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo, gurbin Port kuma an sa 8080. A ƙa'ida waɗannan gurabe biyu fanko ake barinsu. Ya kwatanta mini abin da dillalin kara: an umarci burauzar kada ta je wa kowane shafi kai tsaye sai ta hannun wani dillali, dillalin kuwa ya tashi daga kasuwa, ita kuma tana tsaye tana jiransa. WhatsApp bai bi ta wannan hanya ba, shi ya sa bai san ana yi ba. Hotspot ɗinsa ma ya yi aiki ne saboda wannan saiti bai shafi Wi-Fi ba, datar layi kaɗai yake kamawa.

"Akwai yaron da ke taɓa wayar nan?" in ji shi. Akwai kuwa, ɗan yayana da ya zo hutu daga Kano, wanda ya yi ta cika bakin zai sa mini intanet na kyauta. Matashin ya yi murmushi ya ce irin wannan saiti yana yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram, wani ya yi aiki na ɗan lokaci, wani ma bai taɓa yi ba, kuma ko yana aikin, duk shafin da ka nema sai ya ratsa ta na'urar wani mutum da ba ka sani ba. Ga wanda ke shigar da lambobin jarrabawar 'ya'yan mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Ya taɓa ɗigo ukun da ke saman allon, ya zaɓi Reset to default, saitin bogin ya ɓace, na asali ya dawo. Shafin NECO ya buɗe tun kafin ya miƙo mini wayar.

Bai tsaya nan ba. Ya leƙa Private DNS, wani saiti da ya zo wa Android tun daga na 9 da ya fito a 2018. DNS shi ne ke mayar da sunan shafi zuwa lambar da na'urori ke ganewa, don haka idan aka rubuta sunan da ba ya aiki a wurin, shafuka ba za su buɗe ba ko da data ta cika layi. Ya bar mini shi a kan Automatic, ya ce idan wata rana na ga rubutu mai ɗauke da DNS_PROBE ko ERR_NAME_NOT_RESOLVED, nan zan fara dubawa, in ya so in gwada sa dns.google. Ya kuma tarar da wata manhajar VPN, mai karkatar da intanet ɗin waya ta wata na'ura daban, da yaron ya saukar, ya tambaye ni kafin ya cire.

N1,000 ya karɓa. Na so in ƙara masa, ya ce abin da ya yi bai kai haka ba.

To, ga inda ban ji daɗi ba. Bayan an gama ya ce bari ya wanke burauzar don ta yi sauri, ya shiga wurin share bayanai, hannunsa na rawa zai danna alhali an yi wa gurbin kalmomin sirri alama tare da sauran. Da ban riƙe hannunsa ba, da duk kalmomin shiga shafukan da na adana sun tafi, ni kuwa ba duka na haddace ba. Ya ba da haƙuri, ya cire alamar, ya share tarkacen hotuna da fayiloli kaɗai. Saurin hannu ne ke damunsa, kuma ba ya bayani sai an tambaya. Duk abin da na rubuto a sama da tambaya na ciro shi daga bakinsa, yana yi yana miƙa wa masu caji wayoyinsu. Dattijon da ba ya karanta Turanci zai karɓi wayarsa a gyare ya tafi bai san me ya same ta ba, jikansa kuma ya sake mayar da saitin a mako mai zuwa. Ga jira: ranar kasuwa rumfar cike take, ba benci, ba inuwar kirki, sai ka tsaya a rana har layi ya zo kanka. Ya kuma dage sai na sayi gilashin kare allo, na ce nawa bai fashe ba.

Wani abu da ya faɗa a tsakiyar hira ya ƙara masa daraja a idona. Ya tuna mini da ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta tangal-tangal a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, har bankuna suka shiga wani hali. Ya ce a waɗancan kwanaki mutane sun yi ta kawo masa wayoyi, shi kuwa ya riƙa mayar da su gida ba tare da karɓar ko kwabo ba, don matsalar ba a hannunsu take ba. Shi ya sa, in ji shi, kafin ka zargi wayarka ka tambayi na kusa da kai mai irin layinka ko tasa na buɗewa. A ƙauyukanmu da ƙarfen sabis ɗaya ke ɗauke da gari guda, idan man janaretonsa ya ƙare kowa ne ke shiga duhu.

Bayan wannan, wata malama a makarantarmu ta kawo mini tata wayar da irin wannan kuka. Na bi matakan nasa yadda na gani: data, agogo, sannan hotspot. A mataki na biyu aka tsaya. Wayar ta kwana biyu a kashe saboda rashin wuta, ta farka da kwanan watan wata tsohuwar shekara, allon kuma na nuna NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Na kunna mata wurin da waya ke karɓar lokaci daga layi da kanta, shafuka suka buɗe. Ta ce, "Malam, nawa zan bayar?" Na ce ta kai wa yaron Gujungu.

Mai niyyar zuwa ya je da sassafe kafin kasuwa ta cika, ya ɗauki hoton rubutun da allon ke nunawa ko ya kwafe shi a takarda, kuma ya tsaya a kan wayarsa har a gama. Waya kaɗai yake taɓawa. Na tambaye shi batun tsohuwar kwamfutar makarantarmu da ita ma take wahalar da mu, ya ce wannan sai dai a kai ta Hadeja ko Kano.