Babban jirgi daga Southampton ko jirgin gaɓar Norwe? Amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce ke da Alhaji kuna son zuwa ganin fiyod ɗin Norwe a watan Yuli, daga Kano za ku tashi, fasfon Najeriya ne a hannunku, kuma kun rasa na zaɓa tsakanin babban jirgin yawon buɗe ido da ke tashi daga Southampton da jiragen Hurtigruten da ke tashi daga Bergen. Na shiga iri biyun, bari in faɗa miki abin da na gani. Ga waɗanda ba su san kalmar ba, fiyod lungu ne na teku mai zurfi da ya kutsa tsakanin duwatsu, ƙanƙara ce ta sassaƙe shi tun zamanin da.

Kafin maganar jirgi, a fara da biza, domin ita ce za ta yanke rabin hukuncin. Southampton a Ingila take, Norwe kuwa tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Wanda ya zaɓi jirgin Southampton sai ya nemi biza biyu, ta Ingila da ta Shengen, kowace da kuɗinta da layinta da fargabarta. Idan jirgin daga Bergen ne, ko Kiel ta Jamus, ko Copenhagen, biza ɗaya ta wadatar. Kuɗin ta Shengen Yuro 90 ne ga babba, ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu tun saura wata 6 a tafi. Don Allah kada ku biya kuɗin jirgi gaba ɗaya sai kun karanta sharaɗin fasa tafiya, saboda kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar hana biza a matsayin uzurin mayar da kuɗi. Ku tanadi katin dala kuma, katin naira yana yawan tsayawa a irin wannan biyan.

To, jiragen kansu. Hurtigruten ba don 'yan yawon buɗe ido aka kafa shi ba. Tun 1893 yake kai wasiƙu da kaya da fasinja garuruwan gaɓar arewa, har yau kuma aikinsa ke nan. Yana tashi daga Bergen, ya ratsa tashoshi 34 har Kirkenes kusa da iyakar Rasha; kwana 7 zuwa, 12 zuwa da dawowa. A ƙananan tashoshi minti 10 ko 15 kawai yake yi, wani lokaci cikin dare, a sauke kaya, wata tsohuwa ta hau da jakarta, a wuce. Tun 2021 kamfanin Havila ma yana bin wannan hanya da sababbin jirage 4 masu aiki da iskar gas da batir, kowanne yana ɗaukar mutum 640.

Ga abin da mutane da yawa ba sa sani sai sun biya: wannan hanya ta bakin teku ce, ba ta cikin lungunan ba. Geirangerfjord na cikin 'yan kaɗan da take shiga daga cikin mashahuran, shi ma daga Yuni zuwa Agusta, a tafiyar arewa. Ba ta shiga Sognefjord, wanda ya fi kowanne tsawo a ƙasar, kilomita 205, zurfinsa ya haura mita 1,300.

Babban jirgi kuwa gari ne guda a kan ruwa. Iona na kamfanin P&O yana ɗaukar fasinja kimanin 5,200, MSC Euribia da ke tashi daga Kiel ya fi haka. Mako ɗaya ake yi, ana tafiya da dare, a wuni a tasha, kamar Stavanger, Olden ko Flåm. Yana kutsawa can cikin fiyod, wannan gaskiya ne, kuma kwana ɗaya a cikinsa ya fi arha. Sai dai arhar tana da wutsiya: fita yawo a tasha, intanet, abin sha, a wasu kamfanonin har da ladan ma'aikata na kullum, duk lissafinsu daban. Ga kuma cunkoso. Mazauna ƙauyen Geiranger 'yan ɗaruruwa ne kawai, ki ƙiyasta mutum dubu biyar sun sauka a kansu da hantsi. Ga gidan caca da mashaya da kiɗa har tsakar dare. Idan da yara ne zan fahimta, akwai wurin wanka da na wasa. Ku biyu da kuke neman natsuwa, ban ga abin da zai ƙara muku ba. A jiragen gaɓa babu caca, mutane na zaune gaban taga da shayinsu suna kallon duwatsu.

Maganar sallah ita ce na fi so ku ba muhimmanci, saboda a Yuli za ku je. A Bergen ma, a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 11 na dare, ta fito 4 da 'yan mintuna, kuma shafaƙi ba ya gushewa a tsakani, don haka lokacin Isha ba ya bayyana yadda muka saba. Idan kuka bi jirgin gaɓa har arewa, to a Tromsø rana ba ta faɗuwa sam daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli. Musulmin garin suna da masallaci, kuma a irin waɗannan makonni jadawalin Makka suke bi. Ku zauna da malaminku tun kuna Kano ya yi muku bayanin ƙasaru da haɗa salloli da ƙiyasta lokaci, ku rubuta a takarda. Alƙibla ma tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya karya kwana, kuma jirgin gaɓa kwana yake karyawa wuni guda. Yawancin tafiyoyin mako ɗaya na manyan jirage a kudu suke tsayawa, a nan sun fi sauƙi.

Abinci kuwa kifi ne zai rufa muku asiri a duka biyun, Norwe ba ta rowarsa. Naman halal ba a samunsa kai tsaye, sai an rubuta wa kamfani makonni kafin tafiya, a kuma karɓi amsa a rubuce. A riƙa tambaya game da miya da romo, ana zuba giya ko naman alade a wasu.

Idan Alhaji yana jin jiri a ruwa, daga Southampton sai an wuni ana ratsa Tekun Arewa a zuwa, haka a dawowa. Jirgin gaɓa galibi a bayan tsibirai yake laɓewa, sai 'yan sa'o'i a wurare irin Stad da Hustadvika da yake fita fili. Ko wanne kuka ɗauka, ku nemi ɗaki mai taga a tsakiyar jirgi.

Da ni ce ke, Hajiya, ga yadda zan yi. In sauka Bergen, in shiga Havila ko Hurtigruten zuwa Trondheim kawai, dare 2 ne, kuma a rana ta biyu yake shiga Geiranger ya wuce gaban magangarar ruwan nan guda bakwai da ke jere. Daga Trondheim jirgin ƙasa zuwa Oslo, sannan Myrdal, a gangara Flåm a layin dogon nan mai kilomita 20. A Flåm akwai ƙaramin jirgi mai lantarki da ke ratsa Nærøyfjord zuwa Gudvangen cikin awa 2, inda duwatsu ke matsowa har faɗin ruwan ya koma kimanin mita 250. Da haka kun ga fiyod biyun da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005, da biza ɗaya, ba tare da kun shiga yankin da rana ba ta faɗuwa ba. Ku sayi tikitin Yuli da wuri, ɗakuna masu taga suna saurin ƙarewa, kuma ku sa rigar ruwa da ta sanyi a jaka, domin a Bergen ana ruwa fiye da kwana 200 a shekara.