Takalmin rawar bale: na manne ko na roba?

Mai rawar bale, wato rawar Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa, idan ta tsaya a kan yatsunta, duk nauyin jikinta a ɗan bakin takalmi yake sauka, shi ya sa zaɓensa ba abin wasa ba ne.

Na gargajiya, irin na kamfanin Freed da aka kafa a Landan a 1929, da hannu ake haɗa shi: a jera ƙyalle da takarda, a shafa manne, a gasa ya taurare. Sabonsa ba ya sawuwa haka nan. Sai mai rawa ta bubbuga bakinsa a ƙasa don ya rage ƙara, ta murƙushe shi, ta lanƙwasa tafinsa, ta ɗinka igiyoyin da kanta. Daga nan zai bi siffar ƙafarta, ta riƙa jin daɓe sosai. Illarsa gumi, wanda ke sa mannen laushi. Babbar 'yar rawa kan kashe takalmi a dare guda.

Na kamfanin Gaynor Minden, da ya fito a New York a 1993, bakinsa da tafinsa roba ce mai ƙarfi, da soso a ciki. Gumi ba ya kashe shi, yana daɗewa. Sai dai ba ya sakewa, dole awon ya dace tun ranar saye.

Wasu malamai na kukan cewa robar na ɗaga ƙafa, tsoka ba ta yin aikinta. Ina tare da su: mai koyo ta fara da na manne, ko da zai fi cin kuɗi.