Dizal ko iskar gas don ɗumama bukkar masunta kan ƙanƙara?

A Kanada da jihar Minnesota ta Amurka, masunta kan kafa bukka a kan daskararren tafki, su huda ƙanƙara su zura ƙugiya. Na'urar ɗumama mai iskar gas ta furofen ba ruwanta da batir, kunnawa kawai. Sai dai a cikin bukkar wutarta ke ci: tururi ya taru a rufi yana ɗiga wa mutum a ƙeya, kuma in aka toshe ko'ina, gubar kabon monoksaid marar wari tana kisa.

Mai dizal kuwa bututu ke kai hayaƙinta waje, zafinta busasshe. Tana neman batir mai bolt 12, kuma dizal kan yi kauri in sanyi ya tsananta. Duk da haka, ga mai kwana a can, mai dizal na fi amincewa da ita.